Bindiga Mai Takarda

Shafi na 17

Masu turo min saƙo cewa na yi shiru, ku yi haƙuri. Autata ce zazzaɓi ya kayar, kwana biyar ina zarya tsakanin gida da asibiti. Jiya ta fara cin abinci.

Mun tsaya ne inda Ewoton da iyalinsa suka cika mako uku a bakin dam, a ɓangaren Uganda, bayan fari ya koro su daga Turkana ta ƙasar Kenya da ragowar shanunsu.

*

Kiyashi ne suka tona asirin.

Hantsi ya ɗaga, Ewoton na zaune kan 'yar kujerarsa ta katako a inuwar ɗakin matarsa, yana gyara igiyar takalminsa na taya. Jikinsa duk a mace yake. Tun da safe shi da ɗansa Losike suka ɗaga shanu biyu da hannu. Ɗaya ta tsaya, ɗaya ta sake kwanciya.

Sai ya ga layin kiyashi ya bi ta gefen ƙafarsa, ya zagaya bayan ɗaki, ya shige cikin damin itatuwan da matar tasa Napeyok ta jingine tun ranar da suka sauka.

Kiyashi ba sa bin busasshen ice. Maiƙo suke bi.

Itatuwan ɗaki kayan mace ne. Ita ke sarowa, ita ke lanƙwasawa, ita ke ɗaurawa a jaki ranar tashi. Shekara talatin da aurensu, Ewoton bai taɓa kai hannu kan damin ba. Ko sojan da ya binciki kayansu a bakin iyaka, yana miƙa hannu Napeyok ta daka masa tsawa, ta ce saura ya kwance mata zane. Abokansa suka yi ta masa dariya, ya janye hannunsa.

Ewoton ya sunkuya ya shinshina. Man shanu.

"Uwar Eregae."

"Ina jin ka."

"Zo ki kwance min damin nan."

Ba ta ɗago daga kan tukunyar tuwon masara ba.

"Yau kuma ɗaki za ka gina? Ka faɗa min in ara maka zane."

"Ba ni da ƙarfin wasa. Zo."

Muciyar ta tsaya a hannunta. Ba ta taso ba.

Ya sa hannu ya ja igiyar.

"Kada ka taɓa!"

Ya riga ya taɓa. Itatuwan suka zube. A tsakiyarsu ga wani abu dogo, naɗe cikin fatar akuya har uku. Bai buƙaci buɗewa ba, amma ya buɗe. Ƙarfen na sheƙi da mai. Ga tauraro da lambar da aka buga a jikinsa.

Bindigar Losike ce. Wadda gwamnatin Kenya ta ba shi bara, da ya shiga 'yan sa-kai masu gadin shanu.

Ewoton ya zauna a ƙasa. Kujerar na gefensa, bai ma tuna da ita ba.

"Ranar da za mu ƙetaro, yaron nan ya ba ki ita."

"Ya ba ni."

"Ya ce ki ba ƙaninki ya kai ofishin 'yan sanda a ajiye, tunda shi shanu sun riƙe shi."

"Haka ya ce."

"Kika ce mana kin ga ƙaninki ya hau babur da ita."

"Ƙarya na yi."

Ko murya ba ta sauke ba. Ya dube ta. Sai yanzu ya lura da wuyanta. A ƙarƙashin duwatsun adon da ta jera tun daga kafaɗa har haɓa, fatar ta bushe ta tsage, har da ɗan jini. Duk man da take fitarwa daga 'yar madarar da ta rage, da take cewa na wuyanta ne, ashe ƙarfe take shafa wa.

"Me ya sa?"

"Ka san me ya sa."

"Ki faɗa dai in ji."

"Maza biyu na haifa, Baban Eregae. Babban, Eregae, me aka tarar a hannunsa ranar da aka ɗauko gawarsa?"

Ta amsa wa kanta.

"Sanda. Sandar kiwo. Mun miƙa wa gwamnati tsohuwar bindigarka, aka tafa mana, aka ba mu lemo. Wata huɗu, ɓarayin shanu suka tare shi a kwazazzabo yana riƙe da sanda. Sai in bar na biyun ya shiga ƙasar wasu da sanda shi ma?"

"Dokar nan ba ta san Eregae ba."

"Ai wannan ba irin taka ba ce. Tana da takarda!"

Ta zura hannu cikin zanenta ta fito da wani ƙullin leda. Ta kwance a hankali, kamar mai kwance magani. Takarda ce mai hatimi, da hoton Losike yana zare ido, da lambar bindigar.

"Ga shi. Ba ta sata ba ce. Gwamnati ce ta ba shi."

"Wace gwamnatin?"

"Gwamnati ai gwamnati ce."

"Ta can ce ta ba shi. Ta nan ba ruwanta da wannan hatimin."

"Ni ban ga inda can ta ƙare ba. Na ga duwatsu, na ga ƙaya. Harshenmu ɗaya da mutanen nan, 'yar yayata a cikinsu take aure. Takarda ta yi aiki da safe, da rana ta daina?"

Ewoton ya karɓi takardar ya daɗe yana kallo. Ba ya karatu, amma fuskar ɗansa ba ta buƙatar karatu.

"A can, wannan ce ke hana a kama shi," ya ce. "A nan, ita ce za ta nuna musu wanda za su kama. Har hoto kika kawo musu."



Daga bakin shingen ƙaya aka kwaɗa kira.

"Mai Jan Sa! Kana raye ko in raba gadonka?"

Teko ne. Amininsa na shekara ashirin, dattijon wannan yanki, wanda ya tsaya musu aka bar su su shayar da shanu a dam. Da sunan bajiminsa yake kiran Ewoton, kamar yadda mazan yankin ke kiran juna. Jan san kuwa ya faɗi a hanya tun kwana na biyu da tasowarsu.

Ewoton ya yi sauri ya jefa mayafinsa kan bindigar.

"Shigo, tsohon kwaɗayi. Gadon ƙashi da fata ne, zo ka kwasa."

Teko ya shigo da sandarsa da kujerarsa, gashin jimina na rawa a kan hularsa.

"Uwar gida, wannan tuwon naki tun daga dam nake jin ƙaurinsa. Ko so kike ki kashe min aboki ki auri saurayi?"

Napeyok ta juya masa baya, ta koma kan tukunya. Teko bai lura ba, ya ci gaba.

"Labari na kawo. Jiya an kore shanun wasu a arewa, an ce sawun ya biyo ta kusa da dam. Ciyaman ya kira ni a waya, sojoji za su zagaya sansanin baƙi yau. Ku dai ku zauna a gida, ku ba su ruwa in sun nema. Na ce masa nawa baƙin ko allura ba su da ita. Ai da yatsana na dangwala a takardar tsaya musu."

Ya ɗaga babban yatsansa yana dariya.

Babu wanda ya taya shi.

Ya dubi Ewoton, ya dubi itatuwan da ke zube, ya dubi mayafin da ke ƙasa alhali mai shi na zaune tsirara daga ƙugu zuwa sama.

"Mai Jan Sa. Me ke ƙarƙashin mayafin nan?"

Ewoton ya iya yi wa soja ƙarya. Ya iya yi wa mai karɓar haraji. Bai iya yi wa mutumin da ya taɓa ba shi karsana biyar ba, shekarar da cuta ta share masa garke.

Ya janye mayafin.

Teko ya dubi bindigar. Sannan ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Ni da hannuna na kai nawa guda biyu," ya ce a hankali. "Lokacin da aka karɓe bindigogin ƙasar nan. Na kai, na dawo gida na kwana uku ban fita ba don kunya. Tun daga ranar ko kwanson harsashi na gani a hanya sai in canza hanya."

"Ban sani ba, Teko. Yanzun nan na gani."

"An karanta min takardar kafin in sa yatsa. Sau biyu aka karanta. In aka samu bindiga a wurin baƙona, ni da shi mota ɗaya za mu shiga."

"Ni ce," in ji Napeyok. "Shi bai sani ba, yaron ma bai sani ba."

"Uwar gida, da za su tambayi wa ya sani, da sauƙi. Lamba za su karanta."

Aka aika a kira Losike daga bakin ruwa. Ya zo da laka har gwiwa, dogo kamar ubansa, shekara ashirin da uku, ya baro amaryarsa da ciki wata bakwai a wurin iyayenta. Yana ganin abin da ke ƙasa ya dafe kai da hannu biyu.

"Mama! Mama, me kika yi min?"

"Don kai na yi."

"Kin kashe ni!"

"Kai, rufe bakinka," in ji Ewoton. "Uwarka ce. Ku zo mu je gindin bishiya."

Ya ninke takardar ya cusa cikin hularsa. Mazan uku suka fita bayan shinge, suka zauna a inuwar ƙaya, inda ake yanke magana.

Teko ne ya fara.

"Hanya ɗaya na sani. Kafin su tambaya, mu ɗauka mu kai musu. Wanda ya kawo da kansa ana yafe masa. Haka dokarmu take."

"Dokarku ke nan, Baba Teko," in ji Losike. "Tamu fa? Ƙarshen wata za a kira mu fareti. Kowa ya ɗaga tasa a karanta lamba. Wanda bai zo da tasa ba, cewa za a yi ya sayar wa ɓarayi. In kuma aka ji a Uganda na miƙa ta, na ƙetare iyaka da kayan gwamnati ke nan. Gidan yari ne. Ɗana zai yi tafiya ban gan shi ba."

"To a binne," in ji Ewoton.

"Suna zuwa da wani ƙarfe mai kuka," in ji Teko. "Ko wuƙa ka binne sai ya yi ihu. A sansanin da ke gabas da shi suka tono guda biyu. Masu su na kotun soja yanzu, an ce ba a maganar ƙasa da shekara takwas."

"A goge lambar da dutse," in ji Ewoton.

"Wuri uku aka buga ta, Baba, har da ciki. Kuma bindigar da ba lamba, ta ɗan fashi ce. Nan da can duk sun yarda da wannan."

Ewoton ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Ashe akwai abin da suka yarda a kai."

Ya ciro taba daga bayan kunnensa ya jefa a baki, bai ji ɗanɗanonta ba.

"A can, in ba ta hannunka, laifi. A nan, in tana hannunka, laifi. Shanun da aka ba ka ita don ka tsare kuwa sun ƙetaro, tunda ruwa bai san iyaka ba. To a ina aka so mu ajiye ta? A sama?"

"A ofishin 'yan sanda," in ji Teko. "Inda aka ce."

"Na sani. Na sani."

Can wajen dam wata saniya na kuka, irin kukan da ba ya ƙarewa da kyau.

"Zan mayar da ita," in ji Losike. "In na bi ta kan dutse, kafin rana ta faɗi na ƙetare."

"Yau da ake neman ɓarayin shanu?" in ji Teko. "Saurayi da bindiga a kan dutse? Ba wanda zai tambaye ka takarda, ɗana. Daga nesa za a gama maganar."

"Ni zan kai," in ji Ewoton.

"Baba, gwiwarka."

"Gwiwata ta kawo ni, za ta mayar da ni. Tsoho da jaki ba ya kama da ɓarawo."

"Tawa ce, ni aka ba."

"Ni kuma ni na haife ka. Tashi ka kora shanun nan can ƙetaren dam. Kada in ga ƙafarka a nan sai rana ta faɗi."

"Baba..."

"Na binne ɗaya, Losike. Ba ni da ƙarfin haƙa wani ramin, ba ni da ƙarfin zarya a ƙofar gidan yari. Na gaji. Ka taimake ni ka tafi."

Losike ya tashi. Ya ɗauki sandarsa ya nufi dam, yana tafiya yana waiwaye.

Teko ya mayar da hularsa.

"In sun zo kana hanya, me zan ce?"

"Ka ce na je neman jakin da ya ɓata."

"Shekara ashirin ban yi wa hukuma ƙarya ba."

"Yau ɗaya, Teko."

Kafin Teko ya amsa, wani sauti ya katse shi. Kunnensa ya karkata.

Ƙarar mota.

Suka miƙe tare. Ƙura ta taso daga hanyar dam, babbar mota koriya na tafe a hankali tana kauce wa ramuka. Ewoton ya ruga cikin shinge, gwiwarsa na ƙara.

Tukunya na kan wuta, tuwo na ƙonewa. Babu itatuwa a bayan ɗaki. Babu fatun akuya. Babu jaki.

"Mai Jan Sa," Teko ya kira daga waje. "Zo ka gani."

Napeyok ce, taku kamar ɗari biyu daga shinge, tana jan jaki da dami a bayansa. Tun suna gindin bishiya ta ɗaure ta fice. Hanyar dutse ta nufa, amma kafin a kai hanyar dutse sai an tsallaka hanyar mota.

Motar ta tsaya daidai gabanta.

Sojoji suka diddiro. Ɗaya ya nufi jakin. Daga inda yake Ewoton ya jiyo tsawar matarsa, irin ta bakin iyaka sak. Sojan ya tsaya, ya waiwaya wajen motar.

Sai wata ta sauko daga gaba. Mace, cikin kaki, da tsagar mutanen yankin a goshinta.

Ewoton ya fara tafiya. Bai san lokacin da ƙafarsa ta ɗauke shi ba. Teko na biye da shi.

"Sannu, Mama," in ji sojar, da harshensu tsaf. "Ina zuwa da itatuwan ɗaki, ga ɗakin can a tsaye?"

"Kayana ne. Kayan mace."

"Ni ma mace ce, Mama. Na gina ɗaki bakwai kafin in sa wannan rigar."

Ta zagaya jakin, ta dafa damin da tafin hannu.

"Dami ɗaya ba ya ɗaki. Kuma ice bai taɓa karkatar da jaki gefe guda haka ba."

Ta kama bakin igiyar.

"'Yata, bar tsohuwar nan."

Duk suka juyo. Ewoton ya iso yana haki.

"Ba ta san abin da ke ciki ba. Ni na ɗaura, na ce ta kai wa 'yar yayarta."

Sojar ta dube shi sama da ƙasa.

"Namiji ya ɗaure damin ɗaki, Baba?"

"Shi ya sa ya karkace."

Wani soja ya yi dariya, ya haɗiye ta da igiyar ta saki. Itatuwa suka zube. Fatun suka buɗe. Nan take bakunan bindigogi suka ɗago.

Babbansu ya matso, mai furfura a gefen kai, da idon wanda shi ma bai yi barcin kirki ba kwana da kwanaki. Ya ɗauki bindigar ya juya ta, ya ga tauraron da lambar.

"Ta gwamnatin Kenya ce. Wa aka ba?"

Ewoton ya cire hularsa ya miƙa takardar.

"Ɗana aka ba. Ni na sace ta."

"Baban Eregae!" in ji Napeyok.

"Yi min shiru, ke me kika sani?" Bai kalle ta ba. "Yaron ya bayar a kai ofishin 'yan sanda, yadda doka ta ce. Ni na tare ɗan aiken na karɓe. Har yau shi ya ɗauka tana can a ajiye. Wannan dattijon da ya tsaya mana, shi ma na yaudare shi. Ka rubuta haka, ranka ya daɗe. Ka rubuta da kyau, don na can ma su karanta."

Babban sojan ya daɗe yana duban hoton.

"Ina Losike Ewoton?"

"Yana can da shanu, nesa. Ba shi da..."

"Ga ni."

Ewoton ya rufe ido.

Losike na tsaye a bayansu, laka ta bushe a ƙafarsa, sanda a hannu. Ko dam ɗin bai kai ba ya juyo.

"Tawa ce. Babana bai taɓa satar ko ɗan akuya ba. Ni na ƙetaro da ita."

"Ƙarya yake! Yaro ne, so yake ya rufa min asiri."

"Baba, ya isa."

Babban sojan ya sauke numfashi. Ya zaro ankwa daga ɗamararsa, guda ɗaya tak, ya riƙe ta a yatsa tana lilo. Ya dubi uban, ya dubi ɗan, ya dubi tsohuwar da ta durƙushe cikin itatuwanta.

Sannan ya juya ga Teko.

"Dattijo, kai ka dangwala yatsa a kan mutanen nan. Ka san su. Cikin biyun nan wa ke faɗin gaskiya?"

Ewoton ya haɗa hannayensa biyu ya miƙa su gaba. Ba sojan yake kallo ba. Amininsa yake kallo.

Teko ya cire hularsa a karo na biyu.

"Mai Jan Sa," ya ce, "ka yafe min abin da zan faɗa."

Mu haɗu a shafi na gaba.